Farashin motar lantarki ta hannu ya karye a Turai: ko za ta yi a Garwa?

Alhaji mai shagon atamfa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Ɗan yayata da ke zaune a Faransa ya turo mini hotunan wata Renault Zoe ƙirar 2018, mai aiki da lantarki zalla, wadda mai ita ya sa wa yuro 7,000, wato wajen sefa miliyan 4 da dubu 600 idan aka lissafa yuro a kan sefa 656. Ya ce tana sabuwa kuɗinta ya haura yuro 20,000. Ni dai zirga-zirgata ba ta wuce gida zuwa babbar kasuwa, da kai yara makaranta, da leƙa kasuwar Pitowa ranar Lahadi, duka bai kai kilomita 40 a yini ba. Tun da aka mayar da litar fetur sefa 840 a Fabrairun 2024, zuwa-zuwa, wato man sumogal da muke saye a kwalba, kuma ya daina arha bayan Najeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, kuɗin mai yana ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da nake tsoro shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa Turawan suke zubar da motocin nan haka?

Ɗan Gaundare mazaunin Beljiyam:
Wa alaikumus salam, Kawu. Faɗuwar gaskiya ce, kuma mafi yawan dalilanta ba su shafi lafiyar motar ba. A Janairun 2023 kamfanin Tesla ya zabtare farashin sababbin motocinsa, a Amurka har da kusan kashi 20 cikin ɗari a kan wasu, kuma duk ranar da sabuwa ta sauko to ta hannu dole ta bi ta. Kamfanin hayar motoci na Hertz, wanda a 2021 ya yi shelar zai sayi Tesla 100,000, sai ga shi a Janairun 2024 yana sanar da sayar da motocin lantarki wajen 20,000, yana kuka da tsadar gyara da zubewar daraja. A nan Turai kuma mutane da kamfanoni da yawa haya suke ɗaukar mota ta shekara uku ko huɗu, don haka waɗanda aka ɗauka a 2020 da 2021 duk sun dawo kasuwa kusan lokaci guda. Ga tallafin gwamnatoci da ake ba mai sayen sabuwa, wanda yake sa ta hannu ta rasa mai taya ta da daraja. Ga kuma batirin kansa, wanda farashinsa ya sauko daga sama da dala 1,000 a kan kowane kilowat ɗaya na wutar da yake adanawa a 2010 zuwa wajen dala 115 a 2024, ta yadda sabuwar mota mai tafiyar kilomita 400 ta mayar da tsohuwa mai 200 kamar wayar hannu ta shekaru bakwai da suka wuce.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya kamata ka tambaya tun kafin a yi maganar ciniki. Shekaru da yawa a Faransa ana sayar da Zoe ne ba tare da mallakar batirin ba, mai motar yana biyan hayarsa wata-wata. Idan wannan tana cikinsu, to yuro 7,000 kuɗin gangar jiki ne kawai, sai an fanshi batirin an karɓi takarda kafin ta zama taka gaba ɗaya.

Injiniyan sola, Marwa:
Alhaji, ni ta fuskar batiri zan yi magana, domin a motar lantarki shi ne motar, sauran duk kujeru ne da taya. Babban maƙiyin batirin litiyom shi ne zafi, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi yana haura 40 kusan kullum. Saboda haka tambayar farko a kan kowace mota ita ce yadda ake sanyaya batirinta. Nissan Leaf, wadda ta fito a ƙarshen 2010 kuma tana cikin mafiya arha a kasuwar hannu, batirinta ba shi da na'urar sanyaya, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka, inda zafinsu ya yi kama da namu, suka fara kokawa da saurin raguwar ƙarfinsa. Ita ban ba kowa shawarar kawo ta Sahel ba, komai arharta. Zoe da ɗan dama, don ana hura wa batirinta iska mai sanyi. Waɗanda suka fi su ne masu sanyaya da ruwa, irin Kia e-Niro da Hyundai Kona masu batiri mai kilowat 64, amma ita Kona ta 2018 zuwa 2020 a tabbatar an yi mata canjin batirin da kamfanin ya kira aka yi. Akwai kuma nau'in batirin da ake kira LFP, wanda kamfanin BYD na ƙasar Sin ke sa wa motocinsa, ya fi jure zafi kuma ba ya damuwa da a cika shi fal.

Kada ka yarda da lambar kilomita da ke kan allo kawai. A nemi takardar gwajin lafiyar batiri, wadda take nuna kashi nawa ya rage cikin ɗari na ƙarfinsa na asali. A ganina duk abin da ya gaza 85 a bar musu kayansu, domin abin da Turai ta ci cikin shekara bakwai, Garwa za ta iya cin irinsa cikin lokacin da bai kai haka ba. Garantin da yawancin kamfanoni ke bayarwa shekara 8 ne ko kilomita 160,000, ka ga motar 2018 nata ya zo ƙarshe, ko da ma akwai inda za ka kai ƙara a nan.

Lissafin kuɗi kuwa yana bayanka. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 tana cin sefa 6,720. Ta lantarki tana shan wajen kilowat 17 a wannan tazarar, ko da an yi maka kowane kilowat sefa 100 bai wuce 1,700 ba. Kilomita 40 ɗinka kilowat 7 ne, awa uku zuwa huɗu a soket na gida. Amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin kowa ya san yadda ake rabon wuta idan ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo, duk da cewa tashoshin sola na Marwa da Gidar sun rage abin. Wanda zai ji daɗin motar nan shi ne mai farantan sola shida masu wat 500 da inbata mai ƙarfi, wanda kuma motarsa za ta samu zama a inuwa da rana tana caji.

Bakanike, Gaundare:
Ranka ya daɗe, ni abin da zan ƙara kaɗan ne. Babu canjin baƙin mai, babu fulogi, babu kuloci, birki ma yana daɗewa, wannan duk gaskiya ne. Amma ranar da na'urar caji ta cikin motar ta ƙone, ko kwamfutarta ta kulle, ni da yarana ba mu da abin yi mata, kuma ba na barin yaro ya kusanci wayoyin nan masu ruwan lemo, don wutar da ke cikinsu ta kai bolt 400. Kayan Corolla ko da tsakar dare ne zan samo maka su. Na wannan sai an yi oda, motar tana kwance wata biyu. Sannan batirin a ƙarƙashin motar yake shimfiɗe, ita kuma Zoe gajeruwa ce, dutse ɗaya a hanyar ƙauye ya isa ya jawo asara.

Hajiya mai kantin magani, Njamena:
Alhaji, gani ya kori ji, ni ina hawa irinta yau wata goma sha huɗu. Ƙarama ce, ta hannu, ɗana ya sayo mini ita bayan an ɗaga fetur a nan Chadi daga sefa 518 zuwa 730 a Fabrairun 2024. Ranar da ta iso muka jona ta, fitilar caji ta yi ja ta ƙi karɓa. Kwana huɗu muna zargin an sayar mana da matacciya, har na daina amsa gaisuwar wanda ya haɗa cinikin. Ashe laifin gidana ne. Wani mai aikin wuta ya zo ya auna, ya ce wayar da ya kamata a ce an binne ta a ƙasa ba ta da wani amfani, don ƙasar ta bushe ƙamas. Ya haƙa rami a bayan kicin, ya kafa sandar tagulla mai tsawo, ya zuba gawayi da gishiri, ya ce a riƙa kwara ruwan wanke-wanke a wurin. Tun daga ranar ba ta sake yi mini gardama ba.

Daga Farsha zuwa kantina da dawowa, caji ɗaya yana kai ni kwana huɗu, kuma lokacin da mutane suke kwana a layin gidan mai ni wucewa kawai nake yi. A watan Afrilu, da na'urar sanyi a kunne, kwana huɗun nan suna komawa uku. Da damina idan unguwa ta cika da ruwa ba na fita da ita ko kaɗan. Ba kuma na tsallaka gadar Ngeli da ita in wuce Kusuri, tsohuwar motar maigida ce ta tafiya. In da ita kaɗai ce motar gidan, da ban ba ka shawarar saye ba.

Injiniyan sola, Marwa:
Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci, kuma Zoe an san ta da tsanani a kan wannan waya ta ƙasa fiye da yawancin motoci. Haka nan a duba bakin caji, domin na motocin da aka yi don kasuwar Sin daban yake da na Turai, na Leaf mai saurin caji kuma daban. Game da doguwar tafiya, Zoe mai kilowat 41 tana sabuwa takan yi kilomita 250 zuwa 300, amma da shekaru da gudu da na'urar sanyi a ɗauka 200 ne, Garwa zuwa Marwa kuwa ya ɗan haura haka.

Mai fiton kaya, Duwala:
Alhaji, kada a tsaya a kan miliyan 4 da dubu 600. Akwai kuɗin jirgi, kuma tun bayan gobarar jirgin Felicity Ace a 2022, wanda ya nutse da motoci kusan 4,000, kamfanonin jiragen ruwa sun tsaurara sharuɗɗa a kan motocin lantarki na hannu, wasu ma ba sa ɗauka. Akwai duwan, wato kuɗin kwastam. Sassaucin da dokar kasafin kuɗin Kamaru ta 2025 ta kawo wa motocin lantarki, na rage rabin ƙimar da ake ɗora wa haraji, an yi shi ne domin sababbi, saboda haka ka sa a rubuta maka lissafin ta hannu a takarda kafin ka tura ko sisi. Bayan haka motar ba za ta hau titi ta kawo kanta arewa ba, sai dai jirgin ƙasa zuwa Gaundare sannan a ɗora ta a babbar mota ta sauka gangaren dutse zuwa Garwa. A bar mata caji wajen rabi kafin a loda ta, kuma a sa ran ƙaramin batirinta mai bolt 12 zai iya mutuwa a hanya, wanda idan ya mutu ko kunnuwa ba za ta yi ba.

Dillalin motoci, Kusuri:
Duk kun yi maganar saye, babu wanda ya yi maganar sayarwa, alhali nan ne sana'ata. A wajenmu mota ajiya ce kamar saniya. Mai Hilux ko Corolla idan aure ya taso ko jari ya karye, kafin la'asar na samo masa mai saye daga nan ko daga tsallaken Logon. Motar da ta zubar da kashi biyu cikin uku na kuɗinta a ƙasar da ke da wuraren caji a ko'ina, wa zai taya ta a Garwa bayan shekara huɗu? Ni ban hana ba, amma Alhaji ya ɗauka cewa kuɗin da ya zuba ya zuba ke nan, ribarsa ita ce man da bai saya ba. A lissafin Injiniya, kilomita 40 a yini yana rage maka wajen sefa 2,000, a shekara sama da dubu 700. Ka raba jimillar abin da motar za ta ci har ƙofar gidanka da wannan, ka ga ko shekarun da suka fito batirin zai kai su.

Injiniyan sola, Marwa:
Malam dillali, ba a rasa mai saye gaba ɗaya ba. Batirin da ya gaji da jan mota yana da sauran kilowat 25 ko fiye, wanda ya ninka abin da yawancin gidaje masu sola suke da shi, kuma irinmu muna neman sa. Ba zai mayar da kuɗin mota ba, amma ya fi ƙarfen kilo.

Alhaji mai shagon atamfa, Garwa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira yaron jiya da dare, ya koma wurin mai motar, kuma maganar ɗanmu na Beljiyam ta tabbata: batirin na haya ne, fansarsa daban. Na ce ya dakata, ya samo mini kuɗin fansar da takardar gwajin batirin, ya kuma duba mini abin da e-Niro ta 2020 take yi yanzu, ko da za ta ninka wannan. Corolla tawa ba zan sayar ba, Hajiya, na ji wannan. Injiniya, farantai huɗu ne a kan rufina da inbata mai kilowat 3, firji biyu da famfon rijiya suna kanta. Idan hanya ta biyo da kai Garwa kafin azumi, ina so ka zo da abin awonka ka duba mini wayar ƙasan nan, ka kuma gaya mini ko inbatar za ta ɗauka.

Injiniyan sola, Marwa:
Ba za ta ɗauka tare da famfon ba, Alhaji, sai an canza ta zuwa mai kilowat 5 an ƙara farantai. Ina da aiki a Figil ranar Alhamis, in sha Allahu zan ƙaraso bayan azahar.