Tambaya kan tantanin ƙwayar halitta da bairos

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. An ce tantanin da ya kewaye sel (ƙwayar halitta) ba komai yake bari ya wuce ba, to ta ina bairos ke shiga? Sannan me yasa jan ƙwayar jini take fashewa in an saka ta a ruwa zalla?

Amsa ta farko:
Wa alaikassalam ɗan uwa. Na biyun osmosis kenan, ruwa yana ratsa tantani zuwa ɓangaren da gishiri yafi yawa, tunda cikin sel ɗin yafi waje gishiri sai ruwa yai ta shiga tana kumbura har ta fashe, in kuma ruwan gishiri ne mai ƙarfi sai ta motse. Shi yasa ruwan gishirin da ake ƙara wa mara lafiya kashi 0.9 cikin 100 ne, daidai da jini. Sel ɗin tsiro baya fashewa saboda yana da bango.

Amsa ta biyu:
Bairos ba fasa tantanin yake ba fa. Furotin ɗin jikinsa ne ke dacewa da wani furotin a saman sel, kamar makulli da kwaɗo, HIV yana kama furotin mai suna CD4, korona kuma mai suna ACE2, daga nan ko ya haɗe da tantanin ko sel ɗin da kansa ya haɗiye shi. Bairos bashi da ribosom, wato abin da ke ƙera furotin a cikin sel, dole sai da na sel ɗin zai hayayyafa.

Mai tambaya:
Madalla, na gode. To oksijin shima sai da furotin?

Amsa ta farko:
A'a, shi ƙarami ne kuma bashi da cajin lantarki, kai tsaye yake ratsawa. Sodiyam da fotasiyam ne ke buƙatar famfon furotin mai cin ATP, wato makamashin sel, sodiyam 3 waje, fotasiyam 2 ciki.