Giyar lantarki a keken tsere: wane tsari ya dace da hanyoyin Kano?

Abu Hafsa, Tarauni

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mahaya keken tsere. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe suna amfani da giyar lantarki ta kamfanin Shimano, wadda ake kira Di2. Keken da nake hawa yana ɗauke da samfurin 105 Di2, faifansa na gaba mai haƙora 50 da 34, na baya kuma jeri 12 ne, daga mai haƙora 11 zuwa mai 34. Da na haɗa shi da manhajar E-Tube a wayata, sai na tarar akwai tsari uku na canjin giya, wato M da S1 da S2, kuma har yanzu a kan M nake tafiya.

Yawancin hawana a titin Zariya ne zuwa wajajen Kura, wani lokaci kuma titin Maiduguri har Wudil, kuma duka shimfiɗaɗɗun hanyoyi ne in ban da gadojin sama da nake hayewa kafin in fita daga gari. Wanne ne ya fi dacewa da irin wannan hanya? Shin S2 yana saurin cinye batir? Kuma gaskiya ne cewa yana iya jawo matsala idan ana tafiya cikin ayari, taya kusa da taya?

Malam Ɗanlami, Gwale

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsa. A tsarin M kai ne kake yin komai: maɓallan hannun hagu suna canza faifan gaba, na hannun dama suna canza na baya, kamar yadda aka saba da giyar waya, sai dai injin gaba, wato wanda yake matsar da sarƙa tsakanin faifan gaba biyu, yana ɗan gyara tsayuwarsa da kansa don kada sarƙa ta goge shi. A S1, idan ba a taɓa saitin kamfani ba, duk lokacin da ka canza faifan gaba, injin baya zai matsa da kansa don ya rage tazarar da canjin ya haifar. A S2 kuwa, hannu ɗaya ya ishe ka, domin kai dai kana neman giya mai nauyi ko mai sauƙi, keken kuma shi ne zai yanke lokacin da sarƙa za ta hau babban faifai ko ta sauko ƙarami. Shimano sun fara kawo wannan dabara ne a kekunan hawa duwatsu, sannan ta shigo kekunan kwalta da samfurinsu na Dura-Ace R9150.

Amfanin S1 yana fitowa fili idan aka yi lissafi da haƙoran kekenka. Idan kana kan 50 a gaba da 17 a baya, kowane zagayen feda yana juya tayar baya kusan sau uku. Da zarar ka sauko kan 34 ba tare da ka taɓa baya ba, zagayen taya ya koma sau biyu daidai, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin feda ya ɓace a lokaci guda, ƙafafunka su riƙa wulwulawa babu abin da suke turawa. S1 yana matsar da sarƙa daga 17 zuwa 15 ko 14 a daidai wannan lokaci, gwargwadon matakan da ka saita a manhaja, sai saukowar ta zo da laushi. Wannan shi ne abin da gogaggen mahayi yake yi da yatsunsa, amma na'ura ba ta mantawa ko da gajiya ta kama mutum.

Ni S1 nake ba ka shawara, kuma dalilina shimfiɗar ƙasar Kano ce. Mai juya feda sau 90 a minti a kan 50 da 19 yana yin kimanin kilomita 30 a awa, a kan 50 da 24 kuma kimanin 24, saboda haka daga Na'ibawa har Kura da wuya sarƙarka ta bar babban faifai, ko da iskar hunturu tana dukan ƙirjinka. Ke nan a buɗaɗɗiyar hanya S2 ba shi da aikin yi. Inda yake tashi aiki shi ne cikin gari, kuma nan ne ban son sa. Ka zo danja ko shataletale, mai adaidaita sahu ya sha gabanka, ka latsa maɓalli sau da yawa don ka sauƙaƙa giya kafin ka tsaya, sai keken ya sauke ka kan ƙaramin faifai. Hanya ta buɗe, ka miƙe tsaye kana taka feda da ƙarfi kana ƙara giya, sai ya ga lokacin mayar da sarƙa kan babban faifai ya yi, alhali a wannan daƙiƙar ce sarƙa ta fi ɗaukar nauyi. Canjin gaba yana son a ɗan sassauta ƙafa, kuma mutum ba ya sassautawa sai ya san canjin yana tafe.

Injiniya Bashir, Bompai

Ina girmama bayanin Malam Ɗanlami, amma ina ganin bai yi wa S2 cikakken adalci ba, domin wurin da keken yake canza faifan gaba ba ƙaddara ba ce, a manhaja ake saita shi. Mutum zai iya matsar da shi yadda sarƙa ba za ta sauko ƙaramin faifai ba sai ya kai manyan haƙoran ƙarshe, kuma wurin komawa sama daban yake da wurin saukowa, don kada keken ya riƙa kai da kawo. Bayan haka, hannun hagu bai daina aiki ba a S2, idan ka ga gada a gabanka kana iya sauke sarƙa da kanka tun kafin hawan ya fara. Wanda yake da kwamfutar keke ta Garmin kuma, tana gargaɗinsa cewa latsawa ta gaba za ta canza faifan gaba.

Ni keke mai giyar lantarki ta kamfanin SRAM, wadda ake kira AXS, nake hawa, kuma su ma suna da tsari biyu irin waɗannan: wanda suke kira Compensating ya yi daidai da S1, Sequential kuma ya yi daidai da S2. Na fi amfani da na biyun a doguwar tafiya, musamman idan an nufi kudu wajajen Tiga da Falgore inda hanya take fara hawa da gangara, saboda yana hana ni barin sarƙa a karkace, babban faifai da babban haƙori, wanda yake saurin cinye sarƙa. Ga sabon shiga kuma, wanda hankalinsa ya kamata ya kasance a kan motoci da ramuka, rage masa tunanin hannu biyu taimako ne babba.

Game da ayari, nan na yarda da abin da aka faɗa maka, Malam Abu Hafsa. Lokacin da injin gaba da na baya suka motsa tare, akwai ɗan tsaiko a ƙafa wanda yake rage gudu, kuma wanda tayarsa take taku ɗaya a bayanka ba shi da labarin hakan. Idan za mu fita da yawa, nakan kashe tsarin tun daga gida.

Baban Umma, mai gyaran kekuna, Sabon Gari

Ranku ya daɗe, ni ta fuskar gyara zan yi magana. Tsarin da ka zaɓa ba shi ne yake cinye batir ba, yawan motsin injin gaba ne, domin shi ya fi jan wuta, kuma a hanyoyinmu ba ya yawan motsi ko a wane tsari kake. Shimano sun ce caji ɗaya yana kai kimanin kilomita 1,000 a irin naka mai jeri 12. Idan batir ya kusa ƙarewa injin gaba ne yake fara tsayawa, na baya ya ci gaba na ɗan lokaci, saboda haka mai S1 ko S2 ya riƙa duba caji, don tsarin ba zai yi aiki ba idan gaba ya tsaya. Ana cajin ne ta injin baya da wayar USB, ko an ɗauke wuta batirin ajiya na cajin waya ya wadatar. Hannayen canjin giya kuma suna da nasu ƙananan batura irin na agogo, CR1632, yana da kyau a ajiye na canji a gida.

Abin da na fi gani a rumfata shi ne ƙurar hunturu ta haɗu da man sarƙa ta zama baƙin ƙulli a tsakanin haƙora da kan ƙananan tayoyin injin baya. A M mutum yakan ji ƙarar ya lallaɓa, amma a S1 da S2 injuna biyu suna jan sarƙa kusan lokaci guda, kuma datti ko ɗan lanƙwasar ƙarfen da yake riƙe injin baya ya isa ya sa sarƙa ta yi tsalle ko ta faɗi. Kafin ka canza tsari, a wanke sarƙa, a sa mata mai kaɗan a goge, a duba cewa wannan ƙarfen a miƙe yake.

Abu Hafsa, Tarauni

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan fara da S1 a cikin gari, in gwada S2 ranar da zan fita ni kaɗai. Shin sai na buɗe manhaja kowane lokaci kafin in sauya?

Malam Ɗanlami, Gwale

A'a, ba sai ka buɗe ta ba. Akwai ɗan maɓalli a jikin injin baya, ka latsa shi sau biyu a jere da sauri. Idan shuɗiyar fitilar ta tsaya a kunne, kana kan M, idan ta ƙifta sau biyu S1 ne, sau uku kuma S2. Kada ka riƙe maɓallin ya daɗe, domin hakan yana shigar da kai wurin haɗawa da waya ko wurin daidaita tsayuwar injin. Ka fara da mataki biyu a saitin S1, idan kuma ka ji feda ta yi maka nauyi bayan ka sauko ƙaramin faifai a gindin gadar Ƙofar Nasarawa, ka mayar da shi mataki ɗaya.