Tsohuwa mai riƙon jikoki uku: wane taimako ake samu a ofishin walwalar jama'a?

Maƙwabciya daga Aboabo:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ofishin walwalar jama'a, wanda muka fi sani da soshal walfiya, game da wata dattijuwa da muke gida ɗaya da ita a nan Aboabo, Kumasi. Shekarunta 72, kuma tun rasuwar 'yarta ita ce take riƙon jikoki uku, babbar tana da shekara 13, ƙaramin yana da 7. Ƙaramin ya daina ji tun bayan wani zazzaɓi mai tsanani da ya yi yana goye, har yau ba a sa shi makaranta ba. Mahaifinsu yana raye, ya sake aure a wani gari, amma ba ya aiko da ko sisi. Da cinikin koko da ƙosai take ciyar da su, to yanzu ciwon gwiwa ya hana ta tsayuwa gaban wuta, sai abin da mutanen gida da jama'ar masallaci suka tara.

Na ji ana maganar LEAP, wato shirin gwamnatin Ghana na tallafa wa gidajen matalauta da kuɗi, da kuma kuɗin masu buƙata ta musamman da ke hannun asambuli, wato majalisar ƙaramar hukuma, amma ina son sanin ta inda ake farawa. Ita Inna abu biyu ne suke hana ta yarda mu je: tana ganin bara ce a gaban hukuma, kuma tana tsoron idan ma'aikata suka ga halin da ake ciki za su ɗauke yaran su kai su gidan marayu. Don Allah wanda ya sani ya warware mana.

Tsohon ma'aikacin walwalar jama'a, Sawaba:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan zumunci. Bari in fara da tsoron Inna, domin shi ne yake hana gidaje da yawa a zangunanmu kusantar ofishin. Talauci ba dalili ba ne na raba yaro da danginsa. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta tanadi cewa kotun iyali ce take ba da umarnin ɗauke yaro daga hannun mai riƙonsa, kuma ana yin haka ne idan akwai cutarwa ko watsarwa. Manufar gwamnati kan walwalar yara da iyali, wadda aka fitar a 2015, ta fifita a bar yaro cikin dangi a tallafa wa mai riƙonsa. Kaka da ta rungumi jikokinta tana yin ainihin abin da ofishin yake so a yi.

Aboabo tana ƙarƙashin asambulin Asokore Mampong, wanda aka cire daga babban asambulin Kumasi a 2012, saboda haka sashen walwalar jama'a da raya al'umma na can ne naku. Shawarata ita ce kada ku fara da LEAP, ku fara da inshorar lafiya, domin ita ce ta fi saurin samuwa. Wanda ya kai shekara 70 da yaron da bai kai 18 ba ba sa biyan kuɗin shekara na NHIS, wato shirin inshorar lafiya na ƙasa, sai ɗan kuɗin yin kati, kuma idan jami'in walwala ya tabbatar da cewa gidan ba shi da ƙarfi, shi ma wannan ana ɗauke musu. Ku tafi da Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, na Inna da takardun haihuwar yaran. Idan akwai wanda ba a yi wa rajistar haihuwa ba, ku fara gyara wannan, domin kusan duk matakin da za a ɗauka nan gaba sai an tambayi takardar.

Game da LEAP, gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu don kada a sa wa tsohuwa rai. An fara shirin a 2008, kuma yana ba gidajen da suke cikin matsanancin talauci kuɗi duk bayan wata biyu, idan akwai tsoho mai shekara 65 ko fiye da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, ko maraya, ko mai naƙasa mai tsanani, ko mai juna biyu ko mai goyon jariri. A takarda gidan Inna ya shiga ta ƙofa fiye da ɗaya. Sai dai ba shiri ne da ake cika takarda yau a fara karɓa wata mai zuwa ba. Ana zaɓar gidaje ne ta hanyar ƙidayar da ma'aikata suke zuwa unguwa su yi, su tambayi yawan mutane da irin ɗakin kwana da abin da aka mallaka, sannan a tantance sunaye daga Accra. Abin da jami'in gunduma zai iya shi ne ya zo ya ga gidan, ya rubuta rahoto, ya ajiye sunan domin lokacin da za a faɗaɗa. Kuɗin ma ba mai yawa ba ne: shekaru da dama yana tsakanin sidi 64 da 106 gwargwadon yawan waɗanda suka cancanta a gida, kafin a ninka shi a 2023, a sake ninkawa a 2024. Yana rage nauyin cefane, amma ba ya riƙe gida.

Batun bara kuwa, ki gaya wa Inna cewa kuɗin harajin ƙasa ne, kuma ita ma ta biya nata a kan kowane buhun gero da galan ɗin mai da ta saya tsawon shekarun sana'arta.

Uwar ɗalibi kurma, Akwatia Line:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, amma ni hankalina yana kan ƙaramin yaron, domin kowane wata da ya wuce yana zaune a gida asara ce da kuɗi ba sa mayarwa. Yaron da ba ya ji, idan bai samu yaren da zai yi tunani da shi ba tun yana ƙarami, karatu yakan yi masa wuya ƙwarai daga baya, kuma mutane sai su ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, alhali hanyar magana ce kawai aka rufe masa. Ku kai shi sashen kunne na asibitin koyarwa na Komfo Anokye a auna jinsa, a ba ku sakamakon a rubuce. Da wannan takarda ne za ku nemi gurbi a makarantar kurame ta Jamasi, wadda take kan hanyar Mampong, makarantar gwamnati ce ta kwana, kuma a can ake koyar da su da maganar hannu. Ku sani cewa NHIS ba ya biyan na'urar ƙara ji, don haka idan likita ya ce za ta amfane shi, sai an nemi kuɗinta ta wata hanya.

A nan ne asusun masu buƙata ta musamman yake shigowa. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ware wa asambuloli aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, kuma daga cikin wannan rabo ake cire wani kaso domin masu naƙasa, wanda ya fara da kashi 2 kafin a ƙara shi zuwa kashi 3. Akwai kwamiti a kowane asambuli da yake duba buƙatu, kuma a cikinsa akwai jami'in walwala da wakilin ƙungiyoyin masu naƙasa. Ana rubuta wasiƙa ne, a faɗi abin da ake so da sunansa da farashinsa. Sun fi amincewa da buƙatar makaranta, ko magani, ko kayan sana'a irin su keken ɗinki da firiji, fiye da neman tsabar kuɗi. Na ga iyaye da yawa sun rubuta cewa suna neman taimako kawai, ba su bayyana na mene ne ba, aka ajiye wasiƙunsu gefe. Ku haɗa hoton yaron da takardar asibiti, ku riƙe kwafi, kuma ku yi masa rajista da reshen ƙungiyar kurame ta ƙasa, domin su ne suke fara jin labari idan kuɗi ya sauko. Saukowar tana jinkiri sosai, wani lokaci watanni, saboda haka kada ku jira ta kafin ku nemi makaranta.

Na san abin da zai yi wa Inna nauyi shi ne rabuwa da yaro ɗan shekara 7 da kuma karatun addininsa. Damuwa ce ta gaskiya, ni ma na yi ta. Amma ɗana sai da ya koyi maganar hannu sannan na iya fahimtar da shi ma'anar alwala da sallar da a da yake kwaikwayo kawai. Yana da kyau babbar yarinyar ta koyi hannun tare da shi, don ya samu abokin hira a lokacin hutu.

Malamin makarantar allo, Asawase:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, sai dai ina ganin an tsallake mutumin da nauyin ya fi hawa kansa. Ciyar da 'ya'ya da tufatar da su wajibi ne a kan uba, a shari'a da kuma dokar ƙasa, kuma sabon aure ba ya sauke shi. Ba ya kyautuwa mu yi ta zirga-zirga a asambuli muna neman wa yara abin da mahaifinsu yake da ikon bayarwa. Ra'ayina shi ne a fara da gida: a samu yayyensa ko baffanninsa, limamin unguwa da mai unguwa su zauna da su, a yanka abin da zai riƙa aikowa kowane wata, a rubuta, shaidu su sa hannu. Ba na son a fara da sammaci, domin yaran nan gobe za su buƙaci dangin ubansu a wurin aure da gado. Sannan jama'ar masallaci su mai da abin da suke bayarwa tsayayye daga zakka, a san adadinsa da ranarsa, don tsohuwa ta daina zaman jiran tsammani.

Maƙwabciya daga Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna, kuma ta yarda da zuwa asibiti da batun kati. Malam, an taɓa zama da dangin uban sau ɗaya, ya yi alkawari bai cika ba. Baba, idan aka sake zama ya sake saɓawa, kaka tana da ikon kai ƙara, ko sai uwa ce kaɗai doka ta sani?

Tsohon ma'aikacin walwalar jama'a, Sawaba:

Tana da iko, domin dokar ta ba duk wanda yaro yake hannunsa damar neman umarnin ciyarwa. Hanyar Malam da ta ofis ba sa karo da juna, tunda jami'in walwala shi ma da sulhu yake farawa: zai aika wa uban takardar gayyata, a zauna, a rubuta yarjejeniya, kuma liman ko dattijon dangi zai iya halarta. Idan ya ƙi zuwa ko ya daina biya, sai a miƙa batun ga kotun iyali da ke zama a kotun gunduma, inda ake duba abin da yake samu kafin a yanka masa, kuma umarnin yana aiki har yaro ya kai 18, yana iya zarcewa idan yana karatu ko koyon sana'a. Ku nemo cikakken sunan uban da garin da yake da irin aikin da yake yi, domin idan yana wata gunduma ne, ta ofishin walwala na can za a isar masa da gayyatar. Ranar da za ku je, ku sanar da asambuliman, wato wakilin unguwarku a asambuli, tukuna, kuma idan hawa mota zai wahalar da Inna, ku roƙi jami'in ya zo gida ya ɗauki bayaninta.