Tsofaffin zanen Pittsburgh a akwatin Baba: a yi musu laminatin ko a sayar?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna kwashe kayan marigayi mahaifinmu sai muka tarar da zane guda uku a ƙasan akwatin ƙarfe, an naɗe su cikin tsohuwar jarida. Ya yi karatu a Pittsburgh ta Amurka tun ba a haife ni ba. Zanen baƙi da fari ne: gari a tsakanin koguna biyu, ga gadoji, ga jiragen ruwa, sama duk hayaƙi. Takardar ta yi ɗigo-ɗigo ja. Ƙanena ya ce a kai laminatin, Yaya kuma ta ce a sayar, wai kuɗi ne kwance. A ƙasan ɗaya an rubuta "Pittsburg" babu h, har na fara zargin jabu ne. Ina neman shawara.

Baban Sadiq: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Hajiya, ki riƙe hannun ƙanen nan naki. Laminatin zafi ne da roba, in ta kama takarda ba ta saki, kuma daga ranar zanen ya tashi daga kayan tarihi. Ɗigon nan danshi ne da tsufa. Kada a sa ruwa, kada a sa salatif. A fitar da su daga jaridar, ita ma tana ƙona takarda a hankali.

Kawu na Ohayo: 'Yata, rashin h ɗin ba aibu ba ne, shi ma tarihi ne. A 1891 hukumar sunayen wurare ta gwamnatin tarayya ta cire wa garin h, mutanen gari suka ƙi yarda, sai 1911 aka mayar musu da abinsu. Amma kada ki kafa hujja da shi kaɗai, don masu ɗab'i sun sha rubuta shi haka tun kafin nan.

Zanen da kansa zai fi gaya miki shekarunsa. Kogunan biyu Allegheny da Monongahela ne, inda suka haɗu nan kogin Ohayo ya fara. Duba daidai bakin mahaɗar: in akwai gada a kan Monongahela a wurin, to bai riga 1877 ba. In kin ga layin dogo ya miƙe ya hau tsaunin da ke fuskantar gari, na farkon irinsa na fasinja a garin a 1870 aka buɗe, kuma har yau yana ɗaukar mutane, na hau shi da kaina. Hayaƙin kuwa mai zanen bai ƙara gishiri ba. A lokacin, daga wannan tsaunin ake haƙo kwal, da shi ake narka ƙarfe da gilashi. Andrew Carnegie ya buɗe masana'antar ƙarfensa a Braddock, kusa da garin, a 1875. Har shekarun 1940 akan kunna fitilun titi da rana tsaka saboda duhun hayaƙi. A wancan zamani hayaƙi alamar arziki ce, shi ya sa ba sa ɓoye shi a zane.

Anti Malama: Ki jawo zanen da kyamarar waya sosai. In siraran layuka kika gani masu kaifi, tsohon bugu ne daga sassaƙen farantin ƙarfe ko katako. In ƙananan ɗigogi ne jere reras kamar hoton jarida, kwafi ne na daga baya. Ki juya bayansa ma: in da rubutu, daga mujalla ko littafi aka yanko shi. Ki faɗa wa Yaya ta rage buri, irin waɗannan dubbai aka buga.

Abban Khalil: Ni dai gara nake ji miki, ga damina ta kawo kai. A sa a firam mai gilashi, amma kada gilashin ya taɓa takardar, kuma ban da bangon da rana ke duka.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti, na duba: biyu layuka ne, ɗaya ɗigogi. Kawu, babu gada a mahaɗar, amma ga layin dogon a jikin tsauni. Mai ɗigogin na bar wa ƙanena ya kai laminatin ɗinsa.