Ƙetare iyaka da kayan gwari: me masu duba tsirrai ke nema?

Sabon shiga: Salamu alaikum. Masu bin Illela zuwa Ƙonni ko Jibiya zuwa Maraɗi, ban da kwastan, wa ke tare motar kayan gwari, kuma wace takarda yake tambaya?

Dillalin albasa: Wa alaikumus salam. A ɓangaren Najeriya jami'an NAQS ne, wato hukumar da ke duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita; a Ghana kuwa takwararta ta fannin tsirrai, PPRSD, kamar a iyakar Paga. Takardu biyu ne, kada ka haɗa su. Ta shaidar lafiyar tsirrai ƙasar da aka yi lodi ce ke bayarwa bayan ta duba kayan. Izinin shigarwa kuma daga ƙasar da za ka ake nemansa, tun kafin a tashi. Yawancin tsaiko daga lissafi yake: takarda ta ce buhu ɗari biyu, an ƙara ashirin a Galmi, garin albasa a Nijar, ko an sauya mota a hanya.

Mai tumatir: Alhaji ya faɗi gaskiya, amma ko takarda ta cika, ido ne ke yanke hukunci. Tun ɓarnar da tsutsar da ake kira sharon ta yi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016, hancin tumatir ake fara ɗagawa. Nan tsutsar ke shiga, ta bar ƙaramin rami da baƙin kashi a bakinsa. Tsince masu huji tun a gona, kuma kada ka rufe kwando da ganyen tumatir, cikinsa take kwana. Mangwaron da ya faɗo ƙasa ma a bar shi: ƙuda ya riga ya sa ƙwai, waje lafiya, ciki tsutsa.

Direban tirela: Ba buhun bakin ƙofa suke buɗewa ba, na tsakiya suke nunawa. Bar hanya a lodi, in ba haka ba a sauke rabin mota cikin rana, kuɗin 'yan dako a wuyanka. Albasar da wuyanta bai bushe ba kuwa, kwana biyu ƙarƙashin tamfol ta fara ruwa da wari.

Hajiya mai dankali: Ku ƙara da ƙasa. Dankali ko doya mai laka a jiki na jawo magana, don cuta na tafiya cikin ƙasar. A bari ta bushe a kakkaɓe, ban da wanki, jiƙaƙƙe ruɓewa yake.

Sabon shiga: Ɗan tsaraba a motar haya fa, Hajiya?

Hajiya mai dankali: In na ci ne, da sauƙi, ɗana, in ka nuna shi da kanka. Iri da dashe ne ba wasa: ko ƙulli ɗaya, in babu izini, ana iya ƙwacewa a ƙone.