Masu taici da cigong: salo nawa kuka haddace, nawa ya zauna a jiki?

Ɗan Gwanzu:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina zuwa sarin kaya Gwanzu, kuma in na yi asuba nakan fita lambun Yuexiu in bi sahun tsofaffin da ke taici, wato motsa jikin gargajiya na ƙasar Sin da ake yi sannu a hankali. Cikin wata shida na haddace salon nan mai motsi 24 da aka tsara a Beijin a 1956, na ɗora mai 42, har na fara leƙen na takobi a YouTube. Rannan wani dattijo ya sa yatsu biyu a kafaɗata ya ɗan tura, sai ga ni ina tangaɗi. Ya nuna ƙafafuna, ya tambaye ni wacce ke ɗauke da nauyina. Wallahi ban sani ba. Abin ya tsaya mini a rai. Akwai wanda ya ga irin wannan?

Ɗalibar Wuhan:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mu malamarmu Baduanjin ta fara ba mu, wani salon cigong (motsa jiki tare da sarrafa numfashi) mai motsi takwas kacal, amma sai da muka yi sati uku a kan na farko, ɗaga hannuwa sama. Na ƙosa sosai. Kullum sai ta zo ta danna mini kafaɗa ƙasa, ashe ina ɗage su ina riƙe numfashi ban sani ba. Ranar da kafaɗar ta saki, numfashi ya sauka ƙasan cibiya, wurin da suke kira dantiyan, sai na ji kamar ban taɓa yin motsin ba sai ranar. Sauran bakwai ɗin ba su ba ni wuya ba.

Baban Yara:
Ni a Kano nake, da bidiyo na koya, kuma gwiwata ce ta biya kuɗin gaggawar. Ina juyawa da gwiwa maimakon ƙugu, tana karkata ciki ba ta bin saitin yatsun ƙafa. Wata biyu ko durƙuso da ƙyar. Da na warke sai na ajiye komai, na riƙe tsayuwar dirka, wato tsayuwa wuri guda ba motsi, minti biyar, da motsin taici da ake kira hannun gajimare a gaban madubi.

Malamin Firamare:
A yi mini afuwa, kada a ɗauka yawa ba shi da amfani. A ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan, tushen salon Chen, salo ɗaya suke maimaitawa shekara da shekaru. Yawan maimaici daban, tara salo daban. Ko a makarantar allo ba a bari ka wanke sai ka biya ya zauna.

Ɗan Gwanzu:
Na gode ƙwarai, Malam. Na jingine takobin. Yau da safe tafiya kawai dattijon ya sa ni, taku ɗaya sai nauyi ya gama komawa ƙafa guda kafin in ɗaga ɗayar. Minti ashirin, cinyoyina har yanzu rawa suke.