Wace kalma za mu ba wannan alamar: â, ê, ô?

Jama'a, ina neman mu tsayar da suna ɗaya ga 'yar alamar nan mai tsini da ake ɗora wa wasali, wadda Turawan Ingila ke kira circumflex, Faransawa kuma circonflexe. Malaman Hausa na zana ta a kan allo, amma in an zo ambatonta sai a koma Turanci, ko a ce "abin nan na sama".

Kada a ce ba ruwanmu da ita. Masana harshe da ita suke nuna karin sautin da ke farawa sama ya faɗo ƙasa, kamar a yâu da yâra. Ita ce ke raba kâi na jiki da kai da nake magana da shi, da mâi na miya da mai gida. Paul Newman ya yi amfani da ita haka a nahawunsa na Hausa na 2000. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa tun firamare suke haɗuwa da ita a Faransanci.

An ba da shawarar a ce "alamar faɗau", tunda da ma muna cewa karin sama, karin ƙasa da faɗau. A ajin Hausa sunan ya zauna daram. Amma da an fita ajin ya daina aiki, domin a Faransanci ba ruwanta da karin sauti. Can sau da yawa tana nuna gurbin harafin s da aka daina furtawa ne: forêt, wato daji, da can forest ake rubuta ta. Wani lokacin tana raba kalmomi biyu, kamar sur (a kan) da sûr (tabbatacce). A Turkanci kar dusar ƙanƙara ce, kâr kuwa riba. Aiki daban-daban, siffa ɗaya. Shi ya sa nake ganin siffar za mu bi.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makarantar allo ta daɗe tana sa wa baƙaƙe suna daga kamanninsu: ba guje, ta kuri, mim jaye. Yaro na jin sunan, idonsa na kan baƙin.

Hula ita ce ta fara zuwa bakin mutane da yawa. Matsalarta faɗi: duk abin da aka ɗora wa harafi hula ne, har ɗigon i. Jinka ta fi kama siffar, mutanen Wales ma "ƙaramin rufi" suke ce mata, sai dai yaron da ya tashi a cikin Kano ƙila bai taɓa ganin an ɗora wa ɗaki jinka ba.

Ni malfa na zaɓa. Tsini a sama, gangara ta ɓangare biyu, kuma a kai ake sa ta. Manomi ya san ta, makiyayi ya san ta, ɗan birni ya gan ta a hawan salla. Ku gwada ta a baki: "a mai malfa", "sa wa o ɗin malfa", "ka manta malfar kâi". Ba inda harshe ya harɗe. Masu cewa malafa su ci gaba da faɗin abinsu, kalma ɗaya ce.

Malaman Nijar, ku nake son ji musamman: in da wani sunan da ɗalibanku suka riga suka saba da shi a Hausa, ku kawo shi mu auna da wannan.